Halwa da Zikiri a Ƙasar Ƙonni da Adar

Halwa ita ce keɓewar mutum a ɗaki shi kaɗai na wasu kwanaki, yana azumi, yana rage barci da magana, yana maimaita sunayen Allah bisa umarnin shehinsa. Akan yi ta kwana 3 ko 7, mai nisa kuma ta kai 40. Zikiri kuwa ambaton Allah ne da baki ko a zuci, ko mutum shi kaɗai ko cikin jama'a. A kansu tarbiyyar sufaye ta tsaya. Tarihinsu a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, haɗe yake da na Agadas da Sakkwato da Kano.

Asali

Ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ake dangantawa da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza (ya rasu a 1166), ita ce ta fara kafuwa a ƙasar Hausa. Ruwayoyi suna jingina shigowarta ga Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15. Daga baya almajiran Sidi Muhtar Alkunti (1729–1811) suka yaɗa wuridinta a sahara da kudancinta. A Abzin kuma akwai tsohuwar al'adar sufanci da ake dangantawa da Sidi Mahmud Albagdadi na ƙarni na 16. A wancan lokaci wuridi abin malamai ne da manyan almajiransu. Galibin manoman yankin suna kan al'adun azna, waɗanda har yau ake tunawa da garin Masalata, kusa da Ƙonni, a matsayin cibiyarsu.

Zamanin Shehu

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau, kafin iyayensa su koma Degel. Cikin malamansa babu wanda ya fi yi masa tasiri kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Daga gare shi ya sami silsilar Ƙadiriyya da Shazaliyya da Halwatiyya. Shehu ya rubuta da kansa cewa yana da shekara 40, wajen 1794, ya ga kansa a gaban Annabi (SAW) da Shehu Abdulƙadir, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Jama'arsa suka riƙa kiran kansu Ƙadirawa.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, Matankari da Ƙonni na cikin garuruwan farko da mayaƙan Shehu suka ci. Ƙadiriyya ta zama ɗariƙar masu mulki da malaman daular Sakkwato, 'yar Shehu, Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kai koyarwar ga matan karkara ta hannun 'yan taru. Adar, wadda sarkinta ke zaune a Illela, ta yi ta kai-kawo tsakanin Sakkwato da ikon Abzinawan Kel Geres. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 sun bar Ƙonni a hannun Faransawa, amma iyakar ba ta hana almajirai da masu ziyarar Hubbaren Shehu zuwa Sakkwato ba.

Tijjaniyya da faila

Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a Fas a 1815. Ɗariƙarsa ta iso Sakkwato ta hannun Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna can a shekarun 1830 ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Babban sauyi ya zo ne da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900–1975), wanda ya yi shelar faila a 1929, ya kuma sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937. Faila ta buɗe tarbiyya ga ɗan kasuwa da manomi da mace, ba sai an shekara ana shiga halwa ba. A Nijar, zawiyar Shehu Abubakar Hashim ta Kiota, a jihar Doso, ta zama babbar cibiyarta.

Wanda ya karɓi ɗariƙa a hannun muƙaddami yana da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa kuma a jam'i ake yin ta, sau ɗaya a yini, galibi bayan magariba. 'Yan'uwa su zauna a kewaye, gwiwa na taɓa gwiwa, carbi a hannu. Idan aka zo Jauharatul Kamali, wadda ake karantawa sau 12, sai a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya. Ranar Juma'a akwai zikiri tsakanin la'asar da faɗuwar rana. A ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara na Kano (ya rasu a 1996) ya farfaɗo da zikirin jama'a da bandiri da maukibin shekara-shekara.

Saɓani

A shekarun 1950 an yi ta rikici a lardin Sakkwato tsakanin ɗariƙun biyu, musamman kan ƙabalu da sadalu a salla. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, muhawarar ta koma kan tushen ɗariƙa kanta: shin wazifa da halwa sunna ne ko bidi'a? Koyarwar Izala ta shiga Nijar a shekarun 1980 ta hanyar 'yan kasuwa da kasat-kasat na wa'azi, Maradi ce kan gaba, garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni ma ba a bar su a baya ba.

Kwatanci da ƙasashen Yamma

A daidai wannan zamani, Turai da Amurka sun bi wata hanya dabam da zaman natsuwa na addinin Buda. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako 8 na rage damuwa a makarantar likitanci ta wata jami'ar Amurka, inda ake koya wa majinyata su zauna su lura da numfashinsu ba tare da wata aƙida ba. A 1997 Stephen Batchelor ya wallafa littafi yana kira ga bin tafarkin Buda ba tare da imani da sake haihuwa ba. Hukumomin lafiya na Ingila sun amince da irin wannan horo ga masu ciwon damuwa mai komowa tun 2004, manhajojin waya kamar Headspace da Calm kuma suka mai da shi haja. Sufanci ma ya sami irin wannan fassara a can, ta hannun Inayat Khan da Idries Shah.

A ƙasar Hausa ba a raba aikin da addini ba. Masu ɗariƙa suna auna ingancin zikiri da izinin shehi da silsilar da ta kai ga Annabi, masu suka kuma suna auna shi da hadisi. Dukkansu sun ɗauke shi ibada, kwanciyar hankali kuwa ribar ƙafa ce.