Allurar Masu Haihuwa da Sirrin Amana

A kasuwar Nkololoun da ke New Bell a Duwala, ɗan kasuwa kan ɗauki dila guda ta gwanjo ya miƙa wa wani, ba takarda ba sa hannu, ya ce, "Alhaji, sai ka sayar." Tun zamanin fatake ake tambayar abin da ke sa mutum ya saki jiki da wani haka, ko ya ji zafin ciwon da ba a jikinsa yake ba. A 2005 wasu masana suka ce sun kama bakin zaren. Abin da suka nuna kuwa kowace ungozoma a asibitin Laquintinie na Duwala ta san shi: oksitosin, allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya.

Ƙwaƙwalwa ce ke samar da shi. A 1906 Henry Dale ya lura a Ingila cewa ruwan wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sa mahaifa ta murɗa, a 1953 kuma Vincent du Vigneaud ya haɗa sinadarin a Amurka. Shi ke sakin nono idan jariri ya kama mama. Wannan aikin ba gardama a kansa, damuwar kawai ita ce allurar tana son firji, zafi irin na Duwala kan rage mata ƙarfi. Sai bincike a kan tumaki a Ingila ya nuna cewa in aka kai shi ƙwaƙwalwar tunkiya, takan karɓi ɗan da ba ita ta haifa ba. Daga nan hankali ya koma kan ɗan Adam.

A wancan gwaji na 2005 a Zurik, Michael Kosfeld da Ernst Fehr da abokan aikinsu suka fesa wa ɗalibai maza oksitosin a hanci, wasu kuma ruwa marar magani. Aka ba kowa kuɗi, ya aika wa wanda bai taɓa gani ba iya abin da ya ga dama. Za a ninka sau uku, shi kuma wancan ya maido wani abu ko ya cinye. Cikin 29 da suka shaƙi sinadarin, 13 sun aika duka, a ɗaya rukunin kuwa 6 ne kacal. Jaridu suka yi masa laƙabi da sinadarin ƙauna, har aka fara sayar da feshinsa a intanet.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nan ba ƙarya aka yi ba, gaggawa aka yi, domin mutum 58 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. A 2009 wani gwaji a Haifa ya ga sinadarin yana ƙara hassada da murnar faɗuwar wani. Carsten De Dreu a Amsterdam ya ce yana sa mutum ya fifita nasa a kan bare. A 2020 aka fitar da sakamakon sake gwajin Zurik da mutum sama da 600, Fehr da kansa yana cikin masu binciken, ba a ga ƙarin yarda ba. A 2021 aka fitar da sakamakon gwada shi a kan yara 290 masu larurar otizim a Amurka, mu'amalarsu ba ta fi ta waɗanda ba a ba su ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, don iyaye sun sa rai ƙwarai. Abin da wasu masana ke riƙe da shi yanzu ƙarami ne: sinadarin kan sa mutum ya ƙara lura da fuska da murya, alheri ne ya gani ko barazana.

A ganina masani Abner Cohen ya fi kusa da amsar abin da ke sa mutum ya yarda da wani. Ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya ga ana sayar wa mahauta shanu bashi, maigida ya tsaya wa baƙon da ya kawo su. Maigidan ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke da bashi a wuya, dillalansa suna kawo masa labari kullum. Wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin la'asar labarinsa ya zaga zango, kuma ba mai ƙara ba shi saniya sai ya biya.