Inabi

Kalmar inabi daga Larabci ta zo, daga "inab". Harshen Hausa ya sassauta harafin ainun da ke farkonta, ya ƙara mata wasalin i a ƙarshe, kamar yadda ya ƙara wa alƙalami. Zabibi, busasshen inabi, shi ma ta wannan hanya ya shigo.

A Filinge da sauran ƙasar Kurfai, cikin kwarin Dallol Boso, hatsi da wake ake nomawa, ba inabi ba. Yaro kan fara jin sunan inabi a makarantar allo, a bakin malam mai fassara Suratu Abasa, tun bai taɓa ganin ƙwayarsa a kasuwa ba.

Inda ake samun ruɗani shi ne "ruwan inabi". Wani na nufin matsattsen ruwa mai zaƙi, wani kuma wanda ya tsimu yana bugarwa, irin jan Chianti na yankin Toskana a Italiya. A ganina wannan na biyun a kira shi giyar inabi kai tsaye, don Musulmin da ke sayen kwalba a Yamai ya san abin da ya ɗauka.