An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙwayar RFID da Sirrin Jama'a a Jega, Aliero da Maiyama

A ranar 28 ga Maris, 2015, mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun shiga layi a rumfunan zaɓe riƙe da katin zaɓe na dindindin. Malamin zaɓe yakan kara katin a jikin wata na'ura mai kama da wayar hannu, nan take suna da hoton mai katin su bayyana, sannan a ce ya ɗora yatsa. Wanda ya jagoranci shigo da wannan tsari ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, wanda ya shugabanci hukumar INEC daga 2010 zuwa 2015. Abin da ya sa katin ya yi magana da na'urar wata 'yar ƙwaya ce da aka binne a cikin robarsa, wadda masana ke kira RFID, wato tantance abu ta hanyar igiyar rediyo. Yanzu ƙwayar ta zauna a aljihunmu, a fasfo da katin banki, kuma ana shirin kai ta kunnen shanunmu. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa tsoron da jama'a ke yi yana da tushe, amma an ɗora shi inda bai dace ba.

Ya kamata a fara da yadda abin yake aiki. Irin ƙwayar da ke cikin kati ba ta da batir. Guntuwar na'ura ce da aka naɗe da siririyar waya. Idan ta kusanci na'urar karatu, igiyar da ke fitowa daga na'urar ce take ba ta ɗan ƙarfin da za ta farka, ta miƙa abin da aka rubuta mata, ta koma barci. Ta fasfo da ta katin banki ba a karanta su sai an kusanto da su kamar santimita 10 ko ƙasa da haka. Akwai wadda ake liƙa wa kaya a manyan rumbuna, ita ana jin ta daga 'yan mitoci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke magana da tauraron ɗan'adam. Saboda haka maganar da ake ji a majalisa, cewa gwamnati na zaune a Abuja tana kallon inda kowane mai kati ya kwana, ba ta da kan gado. Wayar da ke aljihun mai faɗin maganar, wadda aka haɗa layinta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN bisa umarnin da ya fito a Disambar 2020, ta fi katin tona asirin inda yake nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin ƙwayar ba ta da rauni. A 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun fasa tsaron ƙwayar MIFARE Classic, wadda a lokacin ake amfani da ita a katin sufuri na birnin Landan, suka nuna ana iya kwafe ta. Fasfon lantarki da Nijeriya ta fara bayarwa a 2007, wanda alhazanmu ke tafiya da shi, yana da kariya: sai an buɗe shi an karanta layukan da ke ƙasan shafin hoto kafin ƙwayar ta yarda ta yi magana. Babban Bankin Nijeriya kuwa, a ƙa'idar da ya fitar a 2023, ya taƙaita biyan kuɗi ta kara kati ba tare da lambar sirri ba zuwa naira 15,000 a lokaci guda da naira 50,000 a rana. Waɗannan matakai ne masu ma'ana, kuma sun rage haɗarin sata daga nesa.

Sai dai a nan ƙasar ɓarawo bai cika bukatar na'ura ba. Na tsaya a gefen rumfar wani mai POS a Aliero a lokacin kakar albasa, ana loda buhuna a tirela. Wani dattijo ya warware leda, ya zaro kati, ya miƙa. Yaron ya ce, “Baba, kawo lambar.” Dattijon ya faɗe ta da ƙarfi, lamba huɗu, mutum biyar na tsaye. Ya karɓi kuɗinsa, ya ƙirga, ya sa wa yaron albarka. A nan babu tsaron da aka fasa, amana ce kawai ta tsaya tsakanin dattijon da asara. Haka ma katin zaɓe: abin da aka yi ta kuka da shi gabanin zaɓuɓɓuka shi ne masu bin gidaje suna karɓar katunan mata da tsofaffi, ko suna rubuta lambobinsu da alkawarin tallafi, alhali dokar zaɓe ta 2022 ta haramta saye ko sayar da katin.

Inda haɗarin ya fi girma kuwa shi ne rumbun bayanan da ke bayan ƙwayar. Ita ƙwayar sau da yawa makulli ce kawai. Ɗakin da take buɗewa shi ne ke ɗauke da suna, da hoto, da zanen yatsa, da adireshi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da na NIN, a kan naira 100. Mutum na iya sauya lambar sirrinsa, amma zanen yatsa ba ya sauyuwa. Wanda nasa ya fita, ya fita ke nan har kabari.

Wannan ne ya sa nake ganin batun shanu ya fi kowanne bukatar natsuwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NAITS na yi wa dabbobi shaida da bin sawunsu, kuma a Yulin 2024 aka sanar da kafa ma'aikatar kula da kiwo, tare da kwamitin gyaran harkar kiwo da aka naɗa Farfesa Jega ya taya Shugaban Ƙasa jagorantarsa. Amfanin a fili yake. Makiyayi ya daɗe yana yi wa sansa tsaga a kunne ko lalas a cinya, amma ana iya ɓata waɗannan. Saniyar da ke ɗauke da lamba a rajista, idan aka sace ta daga rugar Maiyama aka kawo ta kara a Jega, dillali mai na'ura zai iya gane ta kafin a ɗora ta a motar Legas. Botswana ta daɗe tana amfani da irin wannan tsari, kuma yana cikin abin da ya ba ta damar ci gaba da sayar da nama a Turai.

Amma a dubi abin da rajistar za ta ƙunsa: sunan mai garke, da yawan shanunsa, da inda yake kiwo, da ranar da ya sayar. A yankin da masu garkuwa da mutane ke dogaro da 'yan leƙen asiri don sanin wa ke da abin hannu, irin wannan jeri idan ya faɗa hannun da bai dace ba ya zama taswirar farauta. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, kuma bai manta jangali ba, lokacin da ƙirgar shanu ke nufin biyan kuɗi ga hukuma. Duk jami'in da ya ɗauki wannan ɗari-ɗari a matsayin jahilci bai karanta tarihi ba. Arɗon da ya tambayi wa zai ga lissafin, tambayar da ta dace ya yi, kuma yana da haƙƙin a ba shi amsa kafin a huda kunnen maraƙi ko ɗaya.

Doka tana bayansa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta sanya zanen yatsa cikin bayanai masu bukatar kulawa ta musamman, ta hana amfani da bayani a kan abin da ba don shi aka karɓa ba, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an yi kutse mai haɗari. Matsalar ita ce ofisoshin hukumar na nesa, kuma manomin albasa bai san ma an yi dokar ba.

Wannan giɓi muna da masu cike shi a gida. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana yaye ɗaliban kwamfuta da injiniya, 'ya'yan waɗannan garuruwa. Ina roƙon malamansu da su fitar da su zuwa kara da tasha da rumfunan POS, su gwada na'urorin a gaban jama'a, su mayar da haƙƙoƙin da ke cikin dokar zuwa Hausa da Fulatanci. Ina kuma roƙon gwamnatin Kebbi da kada ta amince da rajistar shanu a jihar sai an rubuta a fili wa ke riƙe da bayanan, wa ke da izinin dubawa, da hukuncin da ke jiran ma'aikacin da ya fitar da su.