Ɗakin Gilashi a Lambunan Ingila

A Ingila ta ƙarni na 19, lambun kayan miya na gidan attajiri fili ne zagaye da katangar bulo, ɗakin gilashi kuma jingine da bangon da ke fuskantar kudu don ya sha rana. Bulo ya riƙe ɗumi, gilashi ya tare sanyi. A ciki ake rainon iri kafin a dasa a waje. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, domin rana ce ke yin rabin aikin.

Talaka kam sai kallo, saboda harajin gilashi, wanda sai a 1845 aka soke shi.

Gwanin sana'ar shi ne Joseph Paxton, ɗan manomi da ya zama shugaban masu aikin lambu a babban gidan Chatsworth a 1826. A hannunsa ayabar Cavendish ta yi 'ya'ya a ƙasar sanyi, irin da yau ta cika kasuwannin duniya. Ya kuma gina wa gidan katafaren ɗakin gilashi da ake ɗumamawa da kwal. Yaƙin Duniya na Farko ya janye kwal da ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe ginin a 1920.