Tsakanin Fili da Aji: Tarihin Ɗaliban Motsa Jiki a Makarantun Arewa

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da wasanninta na ƙarfi, amma ba su da wuri a zauren malam. Dambe na mahauta ne, kokawa ta samarin karkara ce bayan kaka, langa kuwa ta yara ce a dandali. Almajirin kirki shi ne wanda ya tanƙwashe ƙafa a gaban allo, ya natsu. Saboda haka mutane suka taso da ganin cewa karatu da wasa hanyoyi biyu ne dabam, wanda ya bi ɗaya ya bar ɗaya ke nan.

Da aka kafa makarantun boko, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai motsa jiki ya shiga cikin harkar makaranta ta ƙofa biyu. Ƙofa ta fari ita ce ta fareti irin na soja, inda ake jera yara sahu sahu, ana ba da umarni suna ɗaga hannu suna saukewa. Sau da yawa tsofaffin sojoji ne ke koyar da wannan, musamman bayan yaƙin duniya na biyu. Ko da tsarin koyarwa na Ingila na 1933 ya iso, ya kawo wasanni da sassauci, sunan aikin bai canja ba a idon jama'a: aiki ne na mai ƙarfin murya, ba na mai zurfin karatu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horad da malamai. A can an ɗauki tamaula da kurket da wasan fayif, wanda ake bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, a matsayin hanyar gyaran hali. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya gama kwalejin a 1931, ya riƙe ƙaunar fayif har ƙarshen ransa. To, amma a nan ma wasa ado ne ga malamin lissafi ko na tarihi, ba fanni ba ne da mutum zai ƙware a kansa ya ci abinci da shi.

Wannan gado biyu shi ya siffanta tunanin yaron da ke son zama malamin motsa jiki. In gwani ne a fili, sai makaranta ta yi alfahari da shi ranar gasa, ta kau da kai daga rauninsa a aji. Shi kuma ya fahimci cewa ƙafarsa ce ke jawo masa daraja, ba alƙalaminsa ba. Ba ƙin ilimi ya yi ba. Abin da aka saka masa a kai shi ya himmatu a kansa, don kuwa icen da aka tanƙwara tun yana ɗanye haka yake bushewa.

Al'amarin ya fara juyawa a 1957, sa'ad da Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta soma horad da malaman wannan fanni na musamman. Jami'ar Nsukka kuma ta fara ba da digiri a kansa a farkon shekarun 1960. Daga nan wanda ya zo da zaton gudu da tsalle kawai, sai ya tarar da ilimin ƙashi da tsoka, da aikin zuciya da huhu, da dabarun koyarwa, duka kuwa sai an ci jarrabawarsu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ƙara tabbatad da fannin cikin darussan makaranta.

Duk da haka tsohon ra'ayi bai mutu ba sarai, ga shi kuwa yana da illa. In aka ci gaba da tura wa fannin waɗanda aka yanke ƙauna daga karatunsu, lafiyar dubban yara za ta kasance a hannun wanda bai san iyakar abin da jikin yaro ke iya ɗauka ba. Tarihin nan ya nuna cewa ɗalibi yana girmama karatu ne gwargwadon yadda makaranta ta nemi karatun daga gare shi.