Rawanin Ganye: Filin Motsa Jiki a Zamanin Dā da Abin da Manzo Bulus Ya Tarar a Korinti

'Yan'uwa matasa, sau nawa muka ji wa'azi daga 1 Korintiyawa sura 9, inda Manzo Bulus ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere da dambe? Mukan saurara muna tuna gasar guje-guje ta makarantar sakandare, ko ƙwallon da muke bugawa ranar Asabar. Korintiyawan da aka fara karanta wa wasiƙar nan kuwa, abin da ya faɗo musu a rai daban ne. A wurinsu filin motsa jiki makaranta ce, barikin soja ne, wurin yi wa gumaka sujada ne kuma. Shekara ɗari biyu da 'yan kai kafin wasiƙar, irin wannan fili ya taɓa raba kan mutanen Urushalima.

Ba Helenawa ne suka fara horar da jiki ba. A kaburburan Beni Hasan da ke Masar akwai zanen bango na wajen shekara 2000 kafin haihuwar Almasihu, 'yan kokawa bibbiyu sama da ɗari biyu a kabari guda, kowane da irin nasa kamu. Wanda ya taɓa kallon kokawa bayan girbi zai gane yawancin kamun. Marubucin tarihi Herodotus ya ce Farisawa abu uku suke koya wa 'ya'yansu maza daga shekara 5 zuwa 20: hawan doki, harbin baka, da faɗin gaskiya. Amma Helenawa ne suka mayar da abin tsari, har da gine-gine da malamai da dokoki.

A Sfata gwamnati ce ke da yaro. Da ya cika shekara 7 sai a raba shi da gidansu a haɗa shi da tsaransa. Ba takalmi, abinci ba ya isa, riga ɗaya ce duk shekara. An bar masa ƙofar satar abinci, in an kama shi ya sha bulala, ba don ya yi sata ba, don ya bari an kama shi. 'Yan mata ma suna gudu da kokawa, domin a ganin Sfatawa uwa mai ƙarfi ce ke haifar soja. Sun sami sojojin da suke nema. Littattafai da gine-gine kam, kaɗan suka bar wa duniya.

Atina ta bi wata hanya. Uba ne ke biyan mai koyar da kokawa, kamar yadda yake biyan malamin karatu da na kiɗa. Manya kuma sukan wuni a jimnasiyum. Sunan ya fito daga kalmar Helenanci mai nufin tsirara, gama haka suke motsa jikin, ba ko ɗan kamfai. Mutum ya shafe jikinsa da man zaitun, ya barbaɗa ƙura, ya yi gudu, tsalle, jifan mashi da na faifai, in ya gama ya kankare dattin da wani lanƙwasasshen ƙarfe. A inuwar itatuwan wurin ake zaman hira da gardama. Makarantar da Plato ya kafa wajen shekara ta 387, da wadda Aristotle ya buɗe a 335, duk a harabar irin waɗannan filaye suke. Sai dai kada abin ya ruɗe mu: doka ta hana bayi shiga. Gata ne na ɗa namiji ɗan gari, wanda wasu ke yi wa noma.

Ƙololuwar horon nan ita ce manyan wasanni. Na Olimfiya, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga shekara ta 776, bikin gunkin Zafsa ne, duk shekara huɗu. Kafin mutum ya shiga sai ya rantse a gaban gunkin cewa ya yi wata goma yana horo, watan ƙarshe kuma a ƙarƙashin idon alƙalan wasa zai yi shi. Wanda aka kama da maguɗi ya biya tara, da kuɗin ake ƙera gumakan tagulla a jera su a hanyar shiga filin, don kowane ɗan wasa ya wuce ta gabansu. Na farkonsu, wani ɗan dambe ne ya jawo su a shekara ta 388, da ya ba abokan karawarsa cin hanci. Ashe sayen wasa ba yau aka fara ba.

Me ya kawo wannan al'ada ƙasar Yahudiya? Yaƙe-yaƙen Iskandari Mai Girma. Bayan mutuwarsa a 323, duk birnin da Helenawa suka kafa sai da jimnasiyum, har can Afganistan ta yau an tono kangon wani. Wanda bai bi ta cikinsa ba, ba a ɗaukarsa wayayye, bai kuma cika samun muƙami ba.

A shekara ta 175 Antiyokus na Huɗu ya hau sarautar Suriya, wadda ke mulkin Yahudiya a lokacin. Wani mai suna Yason, ɗan'uwan babban firist, ya yi wa sarkin alkawarin kuɗi ya karɓe muƙamin, ya ƙara wasu kuɗin don a ba shi izinin gina jimnasiyum a Urushalima, kusa da Haikali. Labarin yana cikin littattafan Makabiyawa, waɗanda 'yan'uwanmu Katolika ke da su a nasu Littafi Mai Tsarki. An ce firistoci suka riƙa barin hidimar bagade suna gaggawar zuwa filin kokawa. Tun da kuma tsirara ake wasan, wasu samari suka ji kunyar kaciyarsu har suka nemi hanyar ɓoye ta, alamar alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim. A nan ya kamata mu ɗan dakata. Ba da takobi aka sa samarin nan ba, dokar hana kaciya sai daga baya ta zo. Tsaransu ne kawai, so suke a karɓe su cikin manyan gari.

Ba duka ne suka tafi gaba ɗaya ba. Da Yason ya aika da azurfa ɗari uku zuwa wasannin Taya don a yi wa gunkin Harkulis hadaya, 'yan aiken da kansu suka ga bai dace ba, aka karkatar da kuɗin zuwa ƙera jiragen ruwa. Amma ɓarakar ta ci gaba. A 167 aka ƙazantar da Haikali, Makabiyawa suka yi tawaye, a 164 aka sāke keɓe shi. Tunawa da wannan ne idin da Yahaya sura 10 ta ambata, wanda Yesu ya halarta da hunturu.

Da wannan tarihi a bayansa, Bulus Bafarisiye ya iso Korinti wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da Bilkisu. Korinti ce mai riƙe da wasannin Istimiya, bikin gunkin teku da ake yi duk shekara biyu, kuma na shekara ta 51 ya faɗo cikin zamansa a garin. Damben da ake yi a can ba zagaye, ba rukunin nauyi. Ana naɗe hannu da igiyar fata, a yi ta yi har ɗaya ya faɗi ko ya ɗaga yatsa. A tsere kuma ba kyautar na biyu. Na ɗaya kaɗai ake sa wa rawani, na ganyen itacen fayin, a wasu zamanai kuma na busasshen seleri, wani ganyen miya. Wata da watanni na wahala, sakamakon ganye ne da ya riga ya yi yaushi tun kafin a ɗora shi.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne Bulus bai guji hoton ba. A sura 10 ta wasiƙar nan ya ja kunne sosai game da teburin gumaka, amma sura ɗaya kafin nan ya ɗauki kamun kai na ɗan wasa ya ajiye a gaban ikilisiya. A wasiƙar farko zuwa ga Timoti ma bai ce horon jiki banza ba ne, ya ba shi ɗan amfaninsa, ya sa shi a ƙarƙashin ibada. A ganinmu ya raba abin da Yason ya kasa rabawa: horon dabam, bagaden dabam.

Masu bi na baya ba duka suka yi wannan sassauci ba. Wajen shekara ta 200 Tatuliyan na Kataj ya rubuta littafi sukutum yana hana Kirista zuwa kallon wasanni, har da na 'yan kokawa, saboda tushensu bautar gumaka ce. Da Sarki Tiyodosiyus ya haramta hadayun arna tsakanin 391 da 392, bukukuwan suka rasa ginshiƙinsu suka mutu a hankali. Girgizar ƙasa da ambaliya suka binne Olimfiya, sai a 1875 Jamusawa suka fara babban aikin tono ta. A bakin hanyar shiga filin tseren suka tarar da gindayen dutse goma sha shida a jere, na gumakan nan da aka ƙera da tarar masu maguɗi.