Sunan Kura: daga bakin karofi zuwa buhun shinkafa

Duk wanda ya fita daga Kano ya miƙi hanyar Zariya a lokacin girbi, kafin ya yi tafiyar kilomita 40 zai tarar da shanyar shinkafa a gefen titi, da hayaƙin tukwanen turara, da ƙugin injinan casa. Kura ke nan. Daga nan zuwa Bunkure da Garun Malam, da rani da damina ba a rasa kore a gona. Amma a bi wannan shinkafa zuwa kasuwar Singa ko Dawanau, ko a bi tirelolin da ke kai ta Kudu, a nemi buhun da aka rubuta wa sunan Kura. Sai an sha wuya kafin a samu. Wata a farin buhu marar rubutu take tafiya, wata kuma, kamar yadda kowane ɗan kasuwa ya sani, ɗura ta ake yi a buhun da ke ɗauke da sunan wani kamfani na ƙetare, mai saye ya biya kuɗin 'yar waje yana murna.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, garin nan ya taɓa yin sunan da ke sayar da haja tun daga nan har tsakiyar Sahara, a zamanin da babu ofishin rajista, babu lauya.

A ƙarni na 19 Kura garin marina ne. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke shi ƙwarya-ƙwarya, a tsoma a karofi sau da dama har baba ya kama shi ya koma baƙi wuluk, sannan a kai wa mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya kamar an shafa masa mai. Shi ne turkuɗi, shi ne kuma rawanin da har gobe ake kira ɗan Kura. Abzinawa sun fi kowa son sa, da shi suke naɗi da amawali, shunin ya zauna musu a fuska ba su damu ba, don ado ne a wurinsu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ta rini ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975, kuma Kura na cikin garuruwan da ya fi mayar da hankali a kansu.

Me ya tsare sunan a wancan lokaci? Idon mai saye da kunyar mai sayarwa. Buzun da ya sha naɗa ɗan Kura ya san ƙamshinsa da ƙyallinsa, ba a yi masa shigar burtu. Falke yana sauka a gidan fatomansa shekara da shekaru, dillalin da ya cusa masa jabu ya kashe wa kansa kasuwa har jikokinsa. Ga kuma malamai da ke ta nanata cewa algus haramun ne. Ba a rasa masu ha'inci ba, amma kasuwar ƙarama ce, kowa ya san gidan kowa.

Jirgin ƙasa ne ya faɗaɗa ta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da yadin Manchester da sabulu da taba da ashana, kayan da babu wanda ya san fuskar mai yin su. Tun 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda sannu a hankali ya karya darajar baban karofi a duk duniya. A irin wannan ciniki hoton da ke jikin kwali ne ya maye gurbin dillali. Shi ya sa kakanninmu suka riƙa cewa a ba su sabulu mai makulli ko taba mai zobe. Ba su karanta boko ba, amma sun karanta hoto.

Dokar tambarin haja ta biyo kayan ne, don kare masu kawo su. An fara shelanta ta a Kudancin Nijeriya a 1900, ta game ƙasa duka bayan haɗewar 1914, sannan a 1916 aka yi wata da ta mayar da buga tambarin jabu da yin ƙarya game da asalin kaya laifin da ake hukuntawa. Wadda ake aiki da ita yau ta 1965 ce, ta fara aiki a 1967, kuma kusan kwafin dokar Ingila ce ta 1938. Ingila ta jefar da tata tun 1994. Mu sai a 2023 aka ɗan yi mata kwaskwarima, aka shigar da alamar masu sana'ar hidima da siffar kaya da yanayin ƙunshinsu.

Shari'o'in farko duk a kan idon wanda bai yi boko ba suka tsaya. A Legas a 1931 kamfanonin taba biyu na Ingila suka gurfana a kotu: ɗaya yana sayar da Bandmaster mai hoton Bature cikin kayan badujala, ɗayan ya fito da Barrister mai hoton Bature cikin rigar lauya. Sunayen sun bambanta, amma kotu ta ce mai saye a kasuwa Bature kawai yake gani a kwali, don haka ta hana na biyun.

Wadda ta fi kusa da mu a nan Kano aka yi ta, kuma a kan minti ne. Kamfanin Trebor ya kai ƙarar wani kamfani mai suna Associated Industries, wanda ya fito da mintinsa ya raɗa masa Minta Supermint. Babu mai kunne da zai rikita Trebor da Minta. Amma da aka ajiye su gaban alƙali, tun daga katan har takardar naɗi har ƙwayar mintin kamar an tsaga kara. A 1972 Babbar Kotun Kano ta yanke cewa wannan sojan gona ne: ko da ba ka taɓa sunan mutum ba, in ka sa wa kayanka rigar kayansa don yaron da aka aika kanti ya ɗauko naka a madadin nasa, ka ci haƙƙinsa. Har yau ɗaliban lauya a jami'o'in ƙasar nan suna karanta wannan hukunci. Sai dai ba kullum mai tsohon suna ke nasara ba. A 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar kamfanin Ferodo na Ingila a kan kamfanin Ibeto na Nnewi game da kwalin takalmin birki, bisa hujjar cewa launukan kwalin ba su ne tambarin da aka yi wa rajista ba, kuma sunan Union da ke jikin kayan Ibeto ya fita daban.

A daidai shekarun da ake shari'ar minti, Gwamna Audu Baƙo yana gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ruwanta ne ya bi magudanai ya sauko Kadawa da Kura da Bunkure, a tsarin da aka yi wa kusan kadada 22,000 a kashin farko, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. Alkama aka yi wa buri da fari, manoma suka karkata ga tumatir da masara da shinkafa. Garin marina ya zama garin masu casa. Da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje a 2015, aka kuma rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai injina suka ƙaru, irin shinkafa Jamila da Sipi suka samu kasuwa.

A nan ne abin ya juye. Da, jabu shi ne mugun kaya ya saci sunan mai kyau. Yanzu sau da yawa shinkafa ce mai kyau, sabuwar girbi, wadda aka tsince mata tsakuwa tsaf, ake sa mata rigar wadda ta yi watanni a cikin jirgin ruwa, saboda uwargida a birni ta fi yarda da hoton buhun. Sunaye biyu aka cuta a wannan ciniki. Mai tambarin da aka sata yana da takardar rajista, yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya, yana iya kiran hukumar kare masu sayayya ta rufe shago. Manomin Bunkure da matar da ta kwana tana turara ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa, alhali yabon da aka yi wa tuwon ranar nasu ne, wani ya tafi da shi. In kuwa aka ci karo da tsakuwa a wani buhun, nan take za a ce ai halin 'yar Hausa ke nan.

Mai injin da ya so ya tsaya da ƙafarsa ma yakan yi tuntuɓe da abu biyu. Na ɗaya, mutane da yawa sun ɗauka rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Ofishin rajistar tambari daban yake, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. A can ake bincika ko wani ya riga ka, a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai ja, sannan a ba da takardar da ke aiki shekara 7, a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Shinkafa tana rukuni na 30. Na biyu, sashe na 9 na dokar bai yarda mutum ya zo haka kawai ya mallake sunan gari ba. Wannan daidai ne a ganina, don bai kamata attajiri ɗaya ya wayi gari ya hana sauran Kurawa kiran sunan garinsu a buhu ba. Amma sakamakonsa shi ne sunan ya zama rijiyar kan hanya, kowa ya sha, ba mai yashe ta.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. Albasar Galmi, wani gari na Hausawa a jihar Tawa, ta yi suna daga Abijan har Akara. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal, Tropicasem, ya nemi ƙungiyar rajistar haƙƙin mallaka ta OAPI mai hedkwata a Yawunde ta ba shi haƙƙin mallakar irin da sunan Violet de Galmi. Manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya janye sunan. Ba su tsaya nan ba, suka bi hanyar rajistar sunan wuri, wadda ke cewa suna na jama'ar yankin ne baki ɗaya muddin sun bi ƙa'idar noman da aka rubuta. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar duk suna da wannan kariya, kamar yadda barkonon Penja na Kamaru ya samu tun 2013. Indiya ta yi irin dokar a 1999, bayan wani kamfanin Amurka, RiceTec, ya samu takardar mallaka a 1997 da ta taɓa shinkafar basmati.

Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokar 1965 ba ta ware babi ga sunan wuri ba. Amma sashe na 43 ya tanadi tambarin shaida, wanda wata hukuma ko ƙungiya da ba ita ke cinikin kayan ba za ta riƙe, ta ba duk wanda kayansa suka cika sharaɗin asali da inganci izinin bugawa a buhunsa. Aikin ba na lauya ba ne kaɗai. Sai an zauna an yarda a kan irin da za a shuka, yawan danshi, yawan karyayya, da wanda zai duba buhu kafin a ɗinke, kuma sai an iya hana ɗan gari tambarin in ya yi algus, ko da ƙanin shugaban ƙungiya ne.

Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na nan a kowane sashe na aikin noman rani na Kadawa, ƙungiyoyin masu casa da na mata masu turara su ma suna nan. Kiranmu gare su da shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne su haɗa kai su nemi wannan rajista tun kafin wani daga nesa ya buga sunan a buhunsa.